Karantar da Yara a Gida: Yadda Ake Zaɓen Manhaja da Kayan Karatu

Karantar da yara a gida shi ne iyaye su ɗauki nauyin ilimin boko na 'ya'yansu da kansu, ko ta hannun malamin da suka ɗauka, maimakon yaro ya riƙa zuwa makaranta kullum. Ya bambanta da lesin da ake yi wa ɗalibi da yamma bayan an tashi daga makaranta, domin a wannan tsari gidan ne makarantar baki ɗaya.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka da Ingila, amma ya soma shiga bakin iyaye a biranen Najeriya tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu na kimanin wata shida. Sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, ya ƙara wa iyaye fargaba. Ga kuma tsadar makarantun kuɗi, da cunkoson azuzuwa a na gwamnati, da canjin wurin aiki da kan raba yaron ma'aikaci da ajinsa a tsakiyar zango.

Duk dalilin da ya kawo mutum ga wannan shawara, tambayar da ke jiransa ɗaya ce: me zai koyar, kuma da wane littafi? Amsar tana rataye ne a kan inda ake so yaron ya nufa. Wanda ya san makarantar da ɗansa zai koma da jarrabawar da zai zauna, ya gama rabin zaɓe tun bai shiga kantin littattafai ba.

Matsayin doka

A Amurka an halatta karantarwa a gida a dukkan jihohi 50 tun 1993, kodayake sharuɗɗan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Dokar Ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya. Afirka ta Kudu ta yarda da shi da sharaɗin a yi wa yaron rajista da hukumar ilimi ta lardi. Jamus kuwa ta haramta shi.

A Najeriya, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala su. Wanda kotu ta samu da saɓa wannan, a karo na farko tsawatarwa ce, a na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun. Dokar ba ta yi wa karatun gida wani tanadi ba.

Ma'anar haka ita ce, kafin yaro ya cika shekara shida, lokacin shiga aji ɗaya, iyaye suna da fili sosai. Bayan nan, abin da ya fi dacewa shi ne a tuntuɓi ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ko Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, a kuma nemi wata makaranta mai rajista da za ta yarda ta riƙe sunan yaron, ta riƙa yi masa jarrabawar ƙarshen zango. Wannan zai kare iyaye, ya kuma samar wa yaron takardar sakamako da wata makaranta za ta karɓa gaba.

Bambancin manhaja da littafi

Manhajar karatu tsari ce da ke bayyana abin da ya kamata yaro ya sani a kowane mataki, da jerin yadda darussa za su biyo juna, da yadda za a gane ya iya. Littafi kuwa kayan aiki ne na cimma wannan tsari. Akan ga iyaye sun cika kwali da littattafai masu tsada daga kamfanoni daban-daban, kowane da nasa jeri, sai yaro ya yi ta maimaita wani darasi sau uku alhali an tsallake wani gaba ɗaya. Manhaja ake fara zaɓa, ita ce za ta nuna littafin da ake bukata.

Manhajar Najeriya

Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988 kuma hedikwatarta ke Sheda a Abuja, ita ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta soma aiki a 2008, an yi mata gyara aka fara amfani da gyararriyar a 2014, sannan Gwamnatin Tarayya ta sanar da wani sabon gyara a 2025, wanda ya taƙaita darussan aji ɗaya zuwa uku tsakanin tara da goma. An kasa ta gida uku: firamare ɗaya zuwa uku, firamare huɗu zuwa shida, sai shekara uku na ƙaramar sakandare.

Ga iyalin da ke sa ran yaronsu zai koma makarantar cikin gida, wannan ce manhajar da ta fi dacewa. A kanta ake tsara jarrabawar shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, haka ma jarrabawar shiga ƙananan sakandare na jihohi. Littattafan da aka rubuta bisa tsarinta suna nan a kasuwa da sauƙin kuɗi, misalansu kuma na Naira ne da kasuwa da gona, abubuwan da yaro ke gani. Yana da kyau a nemi bugu na baya-bayan nan, a kuma roƙi wani malamin firamare ya ba da kwafin jadawalin da ke rarraba darussa mako-mako a zangon karatu uku na shekara.

Manhajojin ƙetare

Biyu ne suka fi yawo a tsakanin iyaye. Ta farko ita ce ta Ingila, wadda ta kasa firamare mataki biyu, na 'yan shekara biyar zuwa bakwai da na 'yan bakwai zuwa sha ɗaya. Gwamnatin ƙasar ta sanya ta kyauta a intanet. Kusa da ita akwai tsarin Cambridge na firamare, wanda makarantun kuɗi da dama ke bi, sai dai jarrabawarsa ta hannun makarantun da suka yi rajista da hukumar ake zaunawa.

Ta biyu ita ce manhajar Amurka da kamfanoni ke sayarwa a haɗe, da littafin ɗalibi da jagoran malami da takardun gwaji. Amfaninta shi ne an shirya komai, har abin da za a faɗa wa yaro kowace rana. Matsalarta kuwa uku ce. Da dala ake saye, kuma kowace shekara sai an sake. Lissafinta da inci da mil da kuɗin Amurka yake tafiya, tarihinta da yanayin shekararta na can ne. Sannan da yawa daga cikinsu, kamar Abeka da ACE, an rubuta su ne bisa koyarwar addinin Kirista tun daga karatu har kimiyya. Wannan abin so ne ga wasu iyalai, wasu kuma ba shi suke nema ba, don haka a karanta samfuri kafin a biya.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mafi yawan gidaje ita ce a riƙe manhajar Najeriya a matsayin ginshiƙi, a aro daga waje abin da ya fi inganci a darasi ɗaya ko biyu. Misali, tsarin lissafi na Singafo ya yi suna saboda yana fara wa yaro da abin da zai taɓa da hannu, sannan hoto, kafin a kai ga lambobi zalla.

Salon koyarwa

Ban da manhaja, akwai salo, wato yadda ake gabatar da darasi. Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, ta ginu ne a kan barin yaro ya koya da hannunsa, ya zaɓi aiki daga kayan da aka shirya masa. Sunanta ya zama abin talla a yau, kowa na iya liƙa shi a kan kayan wasa, saboda haka ganin sunan a kwali ba shaidar inganci ba ce.

Charlotte Mason, malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, ta yi kira ga gajerun darussa na minti goma zuwa ashirin ga ƙananan yara, da karanta musu littattafai masu rai, sannan a ce su maimaita labarin da bakinsu. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare ya san wannan hanya. John Holt na Amurka, wanda ya kafa wata mujalla kan karatun gida a 1977, shi kuma ya ga a bar sha'awar yaro ta ja ragama ba tare da jadawali ba. Wannan ra'ayi yana da wuyar daidaitawa da yaron da ke da jarrabawar shiga sakandare a gabansa.

Da wane harshe za a fara?

A Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da janye wannan manufa, aka koma ga Ingilishi. Ke nan yaro zai haɗu da jarrabawarsa da Ingilishi, kuma dole shirin gida ya kai shi can.

Sai dai isa can ba ya nufin a fara da harshen da yaro bai ji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare, ana koya musu Ingilishi a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a darussa da dama. Rubutun Hausa yana da sauƙin da na Ingilishi ba shi da shi: wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake bayarwa. Yaron da ya gane ba, be, bi, bo, bu, ya soma haɗa gaɓoɓi, cikin 'yan watanni zai karanta kalmar da ya san ma'anarta. Ingilishi kuwa yana da sauti kusan 44 a kan haruffa 26.

Tsarin da ya dace da gidan da ake Hausa shi ne a koya wa yaro karatu da Hausa, ana kuma yi masa Ingilishi da baki kullum ta hanyar hira da labari da waƙa. Idan karatun Hausa ya zauna, sai a shiga sautukan Ingilishi. A nan tsarin Jolly Phonics, wanda ke koyar da sautuka 42 yana farawa da s, a, t, i, p, n, ya yaɗu a makarantun jihohi da yawa, kuma samun malamin da aka horar a kansa ba ya wuya.

Abin da ya fi muhimmanci a shekarun farko

Wani rahoto da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Wannan shi ne ramin da karatun gida ya kamata ya kauce wa kafin komai. Daga shekara biyar zuwa takwas, karatu da rubutu da lissafi su ne za su ci mafi yawan lokaci. Yaron da ya iya karatu zai cimma kimiyya da tarihi daga baya; wanda bai iya ba, kowane darasi zai zame masa kaya.

Ga 'yan ƙasa da shekara biyar, wasa da hira da zane da ƙirga abubuwan gida sun wadatar. Tilasta wa ɗan shekara uku cika shafi da rubutu ba ya sa shi gaba, sai dai ya sa masa ƙin fensir.

Littattafai da kayan aiki

A ɓangaren Hausa, jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu sun daɗe suna buɗe wa yara ido. Akwai kuma Mu Karanta, wanda aka shirya wa aji ɗaya zuwa uku a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, yana kuma tafe da jagoran malami. Don karanta wa yara a bayyane, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya dace da ƙanana, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuma sai sun ɗan tasa.

Kafin a sayi kowane littafi, a duba abu huɗu: ko ya bi manhajar da aka zaɓa, ko haruffansa manya ne da yaro zai gani sarai, ko yana da isassun ayyukan gwaji, da kuma ko yana da jagoran malami. Ga iyayen da ba su taɓa koyarwa ba, jagoran malami ya fi littafin ɗalibi amfani. A ba yaron shafi ɗaya ya gwada. Idan yana tuntuɓe a kowane layi, littafin ya fi ƙarfinsa ko da an rubuta ajinsa a bango. A kuma kula da littattafan da aka buga na sata, waɗanda sau da yawa shafukansu ba sa cika, rubutunsu kuma ya dushe.

Sauran kayan ba sa bukatar kuɗi mai yawa: ƙaramin allo da alli, littafin rubutu mai layi, fensir mai launi, da kwalin da za a yanka a rubuta haruffa. Marafan kwalabe da ƙwallon dabino sun isa koyar da tarawa da ɗebewa. Tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma yana nuna wa yaro bambancin gidan ɗaya da gidan goma fiye da kowane zane. Ɗan kasuwa yana da abin da makaranta ba ta da shi, domin mudu da sikeli da bayar da canji darasin lissafi ne na gaske.

Waya da intanet

A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Asusun UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa kyauta bisa manhajar ƙasa, har da na Hausa. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da littattafan labarin yara da Hausa, waɗanda ake iya saukewa a buga a takarda. Khan Academy Kids kyauta ne, an yi shi don 'yan shekara biyu zuwa takwas, amma da Ingilishin Amurka yake magana.

Waɗannan ƙari ne a kan darasi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Yaro yakan fi ƙaruwa idan babba na zaune kusa da shi yana tambayarsa abin da ya gani.

Karatun addini

Koyarwa a gida ba baƙuwar aba ba ce a ƙasar Hausa. A zaure da tsakar gida aka yi ta koyon babbaƙu da farfaru, kuma jajis ɗin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, gida-gida suke bi suna karantar da mata. Gidan Musulmi zai zaɓi littafi guda na koyon haruffan Larabci, kamar Ƙa'idar Bagadadi ko Nurul Bayan, ya tsaya a kansa. Gidan Kirista kuma yana da darussan makarantar Lahadi. Barin yaro ya ci gaba da zuwa Islamiyya ko majami'a yana da wata fa'ida ta daban, domin a nan zai samu abokai, ya koyi bin layi da jiran lokacinsa da sauraron babban da ba mahaifinsa ba. Ƙarancin cuɗanya da sa'o'i shi ne babban abin da ake sukar karatun gida da shi.

Wa zai koyar, kuma yaushe?

Wannan ce tambayar da ta fi kayar da iyaye. Ma'aikaci yana ofis, ɗan kasuwa yana shago, uwa kuma tana da girki da raino ko nata aikin. Manhaja mafi kyau ba za ta yi komai ba idan babu babba guda da aka san shi ne mai zama da yaro kullum. Idan malami za a ɗauka, a nemi wanda ya yi NCE a fannin ilimin firamare ko na ƙananan yara, a ba shi manhajar da aka zaɓa, a kuma zauna a ga yadda yake darasi kafin a yi yarjejeniya. Wasu gidaje uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya, abin da ke rage tsada ya kuma samar wa yaran abokai.

Ba a bukatar awa shida irin na makaranta, domin babu taron safe, babu jiran ɗalibai hamsin. Ga ɗan shekara shida ko bakwai, awa biyu da safe, a rarrabe gajeru-gajeru da hutu a tsakani, sun isa karatu da rubutu da lissafi. Abin da ake bukata shi ne dawwama: lokaci guda, wuri guda, kwana biyar a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Auna ci gaba

A tanadi fayil ga kowane yaro, a riƙa ajiye aikinsa mai kwanan wata, da jerin littattafan da ya gama, da sakamakon gwaji. Sau ɗaya a wata a ba shi rubutun da bai taɓa gani ba ya karanta a bayyane, a yi masa tambaya uku a kai, a kuma yi masa shifta. Haddace shafi ba karatu ba ne, kuma baƙon rubutu ne kaɗai ke bambance su. A ƙarshen zango a samo takardun jarrabawar wata makaranta mai kyau a gwada shi, ko a roƙi malamin da ba na gida ba ya auna shi, domin idon iyaye yakan yi sassauci.

Idan zango biyu suka wuce yaro bai matsa ba, a duba idonsa da kunnensa a asibiti, sannan a sake duba littafin da salon koyarwar. Idan kuma aka ga gidan ba zai iya riƙe jadawalin ba, mayar da yaro makaranta da wuri ya fi a bari sai ya kai shekara tara bai iya haɗa baƙi ba. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yi mata rajista, tare da makin ayyukan aji da aka tara, saboda haka yawancin iyalai za su ga ya fi musu sauƙi yaro ya shiga makaranta tun daga aji huɗu ko biyar na firamare, ko kuma a farkon ƙaramar sakandare. Ya kamata a tsayar da wannan lokaci tun ranar da aka fara, a rubuta shi a shafin farko na fayil ɗin yaron.